Uwa da Baƙuwa, Idanun Ruwan Kwarin Tsamiya

Tun da na dawo daga ƙasar Faransa, wato Nijar kamar yadda 'yan boko suke so mu riƙa faɗi, ban sami sakat a majalisarmu ta ƙofar shagon tela ba. Wannan ya ce yaya abincinsu, wancan ya ce wai gaskiya ne jandarma sai ya mari mutum sannan ya amsa gaisuwarsa, wani kuwa damuwarsa kawai ko na riƙo kilishi. Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura duk maimaitawar da na yi sai in ƙara wa kaina gishiri, in rage wa waɗanda suka yi aikin. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, kowa ya karanta ya ƙyale ni.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Garba, aikina awon ruwa ne a Kano. Ni ne mutumin nan da kuke gani da akwatin kwalabe yana ɗibar ruwan famfo unguwa-unguwa, ya kai ɗakin awo a duba ko lafiyayye ne. Ina ji da kaina a kan aikin nan, ba zan ɓoye ba. Matata Hadiza tana cewa ko ruwan alwala aka ba ni sai na ɗaga buta na leƙa.

Ƙaninta Mamman shi ne ya jawo tafiyar. Malamin asibiti ne a wani gari da ake kira Kwarin Tsamiya, tsakanin Magarya da Dungas, su can anfirmiye suke ce masa. Ya aiko da wasiƙa a tsakiyar damina. Ya ce garinsu daga idon ruwa suke sha, wanda aka rufe da siminti a shekarun fari, inji yana tura ruwan zuwa tanki, daga tanki zuwa famfunan gari. Tun da ruwan sama ya dawo, duk damina sai ruwan ya yi duhu, yara su kama zawo, bana har an binne biyu. Mutanen gari sun ce tafkin da shanun Fulani suke sha ne, wanda ke sama da idon, yake zubowa ciki. Kumandan, wato babban jami'in gwamnati na yankin, ya ce yana nan tafe, in ba wanda ya nuna masa akasin haka zai hana shanu tafkin. Ƙarshen wasiƙar ya ce, "Yaya, ka zo da kwalabenka, ka daina cika mana baki daga nesa."

Na ɗauki hutu. Na dafa kwalabe goma sha biyu, na toshe bakinsu, na naɗe da takarda, na jera su a akwati kamar ƙwai. Duk wanda ya san aikin ya san kwalbar da aka dafa ba a buɗe ta sai a bakin ruwan da za a ɗiba, in iska ko yatsa ya shiga ta tashi aiki.

Daga Kano zuwa Babura babu abin faɗi, sai dai wani falken kanwa da muka zauna tare, wanda ya rantse maganin ƙarfi ne a akwatina, ya yi ta roƙon in sammasa har ya yi fushi. Mun isa bakin iyaka rana tsaka, muka tarar an rufe ofis. Na tambaya ko rasuwa aka yi, aka ce a'a, hutun rana ne. Su can ma'aikaci yana tashi da azahar ya je gida ya ci abinci ya kwanta, sai wajen la'asar ya dawo. Da farko na yi ta tsaki, amma da na zauna a inuwar dogon yaro na ga ranar da ake kwaɗawa, sai na fara tunanin ko mu ne ba mu da wayo.

Da aka buɗe, wani ɗan duwan, wato kwastan ɗinsu, dogo mai fara'a, ya duba takarduna ya ce in buɗe akwati. Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce, "Buteli babu komai ciki, kuma ka rufe shi haka? Mushe, bari dai mu gani." Mushe ɗin wai malam ke nan a Faransanci. Ina ji ina gani ya warware takarda, ya cire murfi, ya shinshina. Ta biyu ya hura mata iska. Ta uku ya zura ɗan yatsa ya juya. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya har sha biyun, cikin natsuwa, kamar mai zaɓen kankana. Da ya gama ya ce lallai ni mai gaskiya ne, babu komai a ciki. Na ji kamar in fashe da kuka. Shi kuwa ganin fuskata ta canza ya ɗauka yunwa ce, ya ja ni bayan ofis ya ajiye mini ƙwaryar fura da matarsa ta dama. Ban taɓa shan fura mai daɗi da baƙin ciki lokaci ɗaya irin ta ranar ba.

A Magarya na kwana gidan wani mai masaukin direbobi. Abu biyu suka ba ni mamaki. Na farko burodinsu, dogo siriri kamar taɓarya, mai tauri a waje, wanda ya ƙwarzane mini dasashi kafin in gane sai an tsoma shi a shayi. Na biyu lissafin kuɗinsu. In mai shayi ya ce dala biyar, kai kuma ka duba ƙwandalar ka ga an rubuta ashirin da biyar, kada ka yi gardama, ita ce. Na yi gardamar, aka taru ana dariya, wata tsohuwa ta ce a bar shi, ɗan Ingilishi ne. Haka suke kiranmu. Amma ba wanda ya cuce ni ko da ƙwandala ɗaya, alhali kowa ya ga ban san abin da nake riƙe da shi ba.

Washegari na shiga babbar mota, su kamyo suke cewa, mai bin hanyar Dungas. Hanyar yashi ce zalla. Sau uku muna kafewa, duk kafewa sai kowa ya sauko ba tare da an roƙe shi ba, maza su tona, a shimfiɗa faifan ƙarfe ƙarƙashin taya, a tura. A wajenmu da rabin fasinja sun tsaya gefe suna ba da shawara. Ni ma ɗin shawarar na fara bayarwa, sai wata mai goyo ta miƙo mini shebur. A mararraba aka sauke ni, na ƙarasa a amalanken shanu, na shiga Kwarin Tsamiya da yamma jikina duk yashi.

Mamman ya tare ni da tsiyar da ya saba. Da na gaya masa abin da ya sami kwalabe ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce ko da sun tsira ina zan sami ƙanƙarar da zan sa su har Kano? Ban yi wannan tunanin ba. Matarsa ta kawo tuwon gero miyar kuka da man shanu, da kwaɗon tafasa, na ci na ƙoshi. Bayan an ci abinci ya daina wasa. Ya ce ban da zawo, bana ya ga kurkunu a ƙafar mutum uku da ba su taɓa shan wani ruwa ba sai na famfo. Nan na gane abin babba ne, don kurkunu ba ya fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, ɗan ruwan kwance ne. Ko ta wace hanya, ruwan sama-sama yana shiga idon nan.

Da safe muka gangara. Idon yana cikin kwari ƙasa da gari, an gina masa ɗaki na siminti a nutse cikin ƙasa, da murfin ƙarfe da kwaɗo, makulli a hannun Mamman. Sama da shi, kamar taku ɗari da hamsin, ga tafkin, shanu na sha. Abin da ya rage mini na aiki ma'aunin zafi ne kawai, sai idanuna. Na tsuguna bakin bututun da rarar ruwa ke fita, na sa ma'auni, ina rubutu a littafi don dai mutanen da suka taru su ga ana aiki.

Sai na ji murya a bayana. "Ɗan nan, wanne kake aunawa?"

Na waiga na ga wata 'yar tsohuwa ƙanƙanuwa da farantin ƙuli-ƙuli a ka. Na ce, "Ruwan ido, Inna."

Ta ce, "Wane idon? Ai biyu ne a ciki."

Mamman ya ce mini Inna Hajo ke nan. Kafin a zo da siminti, gidansu ne ke kula da idon tun kakanni, su ke yashe shi duk shekara. Ta sauke farantinta ta zauna, ta yi mini karatun da ban samu a makaranta ba. Ta ce ido ɗaya sunansa Uwa, rani da damina yana nan, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, da sanyin asuba ka ji shi da ɗumi, da zafin rana ka ji shi da sanyi. Ɗayan sunansa Baƙuwa, sai damina ta yi nisa yake ɓullowa, bayan girbi ya tafi. Iyayensu sun raba su da kunyar laka, kowanne da hanyarsa. Uwa ake sha, Baƙuwa wanki ake yi da ita, kuma yarinyar da aka kama ta ɗebo Baƙuwa a tulun sha sai ta sha duka.

Na ce to me ya haɗa su? Ta ce ɗan kwangilar da ya yi ginin ya zo ne cikin fari, shekara uku Baƙuwa ba ta leƙo ba. "Na nuna masa gurbinta, na ce nan akwai mai zuwa. Ya dubi busasshen yashi ya dube ni, ya sayi ƙuli-ƙulin dala biyu don in tafi. Ya rushe kunyar, ya rufe su ɗaki ɗaya."

Na tambayi Mamman me ya sa bai rubuto mini wannan ba. Ya sosa ƙeya ya ce ta sha faɗa, an ɗauka zancen tsofaffi ne.

An yi ruwa a ranar da la'asar. Washegari bayan sallar asuba muka buɗe murfin. Kafin in gama naɗe ƙafar wando tsohuwar nan ta riga ta bi tsani ta sauka, ruwa iya gwiwarta. Ta riƙa tafiya a hankali tana lalube da tafin ƙafa, ta tsaya a kusurwar gabas ta ce, "Sa sandarka nan." Na sa. Ta matsa kusurwar arewa ta ce, "Nan kuma." Na sa. Bambancin ya fito ƙarara a jikin ma'auni: Uwa na nan da ɗuminta, Baƙuwa ta yi sanyi irin na ruwan saman jiya. Abin da littattafanmu suka faɗa ke nan, ruwan da ya fito daga zurfi ba ya bin yanayin gari, wanda ya bi yanayin gari bai daɗe da shiga ƙasa ba. Ni na biya kuɗin makaranta na haddace, ita ƙafarta ta gaya mata. Wallahi ta burge ni, har na ji kunyar littafin da ke hannuna.

Sai dai wannan bai raba gardama ba. Mun san Baƙuwa ruwan sama-sama ce, amma daga tafkin take ko daga ruwan da gonaki ke tsotsewa? Na ce a Kano akwai wani koren gari da muke zubawa a inda muke zargi, mu jira mu ga ko launin zai ɓullo a ido, amma ban zo da shi ba. Inna Hajo ta ce, "In launi kake so, ai dukawa na nan." Karan dafi take nufi, jan da ake rina fata da shi. In aka dafa shi da kanwa ja yake yi jawur, kuma ba ya cutar da mutum ko dabba.

Ranar aka kira mai tafkin zuwa ƙofar gidan mai gari. Ardo Juli sunansa, dattijo siriri, ba ya ɗaga murya. Mamman ya riga ya ba ni labarinsa. Fari ya cinye masa shanu har saura goma sha ɗaya, da su ya sake tada garke, yanzu sun haura talatin. Yana noma gero a gefen rugarsa. Da damina gonaki sun kewaye ko'ina, burtali ɗaya ne ya rage masa, shi ne mai zuwa tafkin nan. In aka hana shi, dole ya kora shanu ya bar ƙasar kafin girbi, ya bar geronsa a tsaye.

Na yi masa bayanin abin da muke so mu yi. Mamman, wanda yake tausayinsa, ya ce, "Ardo, ba dole ba ne. In ba a gwada ba, zan iya ce wa kumandan babu tabbas, ko ya sassauta."

Ardo ya ce, "Malam, in jan bai fito ba fa?"

Na ce, "Ka tsira, ni zan rubuta da hannuna."

"In ya fito?"

Na ce, "Shi ma zan rubuta." Ya dubi ƙasa, sannan ya ce, "A zuba."

Yadda aka gano inda za a zuba ma abin kallo ne. Ni da sai in juye a tsakiyar tafki, launin ya salwanta. Inna Hajo ta sa aka kawo ƙaiƙayi, ta jira iska ta kwanta, ta watsa a kan ruwa ta ce kowa ya zauna. Muka zauna muna kallon ƙaiƙayi kamar marasa aikin yi. A hankali ya riƙa taruwa yana tafiya gefe ɗaya, har ya je ya yi zobe a gindin wani kututturen gawo da fari ya kashe. Ta ce saiwoyinsa sun ruɓe sun bar ƙofa, nan ƙasa ke sha. Samarin gari suka tare wurin da laka ya zama ɗan gurbi, dukawa suka dafa karan dafi cike da gangar ƙarfe biyu. Ardo da kansa ya kama gefen gangar aka juye.

Saura farin ƙyallen da za a toshe bakin kowane ido da shi, don launi ya kama. Aka rasa sabon fari a kusa. Inna ta shiga gida ta fito da ƙulli, ta yage kamu biyu. Matar Mamman ta ce, "Inna, ai likkafaninki ne!" Ta ce, "Ni ɗin nawa nake? Sauran ya ishe ni har da ragi."

Aka kashe inji, gari ya koma jan ruwa daga wata rijiya mai nisa, mata suna ta mita. Muka raba gadi tsakanina da Mamman, wuni-wuni, ana leƙawa ana duba ƙyallayen. Ranar farko fari fat. Ta biyu ma haka. Kullum da hantsi Ardo zai kawo shanu tafki, ya gangaro ya ajiye mini ƙwaryar nono, ya gaishe ni ya koma, bai taɓa tambayata me na gani ba. Na shaƙu da mutumin nan. Da yammacin rana ta biyu har na fara rubuta rahoton da zai wanke shi, raina fes.

Rana ta uku ta faɗo ranar kasuwa, kuma gadina ne. A nan zan faɗi abin da nake tsallakewa a majalisa. Na leƙa da safe na ga fari, na ce ai magana ta ƙare. Ƙamshin kasuwa yana gangarowa har kwari. Na janyo murfin na rufe, ban ko sa kwaɗo ba, na ce bari in je in dawo yanzun nan. Kasuwar kuwa ta ci sunanta: ga rake daga fadamu, ga cuku fari tas a kan tabarma, ga masu kanwa, ga 'yan ƙasarmu sun tsallako da atamfa da kananzir. Na tsaya wurin mai kilishi ina ɗanɗane ina ciniki, yanzun nan ta zama azahar.

Ina nan aka ce kumandan ya iso, yana ƙofar mai gari, ana nemana. Na cusa kilishi a aljihu na ruga. Na tarar da shi zaune bayan tebur, saurayi ne cikin kakin soja, ba fara'a ba fushi, jama'a sun yi zobe. Ya ce, "Kai ne malamin ruwa daga Kano? Me ka gani?" Na gyara murya na ce ranka ya daɗe yau kwana uku ke nan da zuba launi, ba mu ga komai ba, a ganina tafkin ba shi da laifi. Ya ɗauki alƙalami.

Sai jama'a suka fara darewa daga baya. Ardo ne tafe, ba sanda a hannunsa, wandonsa jiƙe har cinya, yana riƙe da ƙyalle yana ɗigar ruwa. Ƙyallen ya yi ja, ba jawur ba, amma ko makaho ya laluba ya san ba fari ba ne. Ya zo ya shimfiɗa shi a kan teburin, kan takardun, ya ja da baya ya ce, "Ranka ya daɗe, ya fito. Daga tafkina ne."

Kumandan ya dubi ƙyallen, ya dubi Ardo, ya ce, "Wa ya gani ban da kai?"

"Ba kowa. Na kawo wa Malam nono ban same shi ba, na ga murfi ba kwaɗo, na leƙa."

Kumandan ya juyo gare ni. "Wa ke gadi?" Na ce ni ne. Man kilishi ya riga ya ɓullo a aljihun rigata, kowa yana gani. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Inna Hajo ce ta cece ni, ba don ni ba. Ta kutso ta ce, "Ɗana, kafin ka rubuta, taso ka ga ɗayan." Na ɗauka za a daka mata tsawa. Sai na ga ya miƙe ya bi ta, mu duka muka bi su har kwari. Ya cire takalma ya sauka da kansa. A kusurwar arewa ruwa na tsattsafowa da ɗan ja-ja, a kusurwar gabas ƙyallen Uwa yana nan fari kamar yanzu aka yaga shi. Ta yi masa bayanin kunyar laka, ya saurara har ƙarshe bai katse ta ba, yana cewa "To, Inna," yana rubutawa. Ya tambaye ni ko maganarta ta yi daidai da ilmin aikina. Na ce ranka ya daɗe ta fi daidai.

Hukuncin da ya yanke shi ne a fasa ɗakin, a raba idanun da bango, a fitar da Baƙuwa waje da bututunta, kuma Inna ce za ta nuna wa magina inda za su bi. A cike gindin gawo da laka. Mamman ya riƙa sa maganin tsarkake ruwa a tanki, mata su tace su tafasa. Amma siminti sai an nemo daga Damagaram, ba wanda ya san yaushe zai iso, kuma har sai an gama aikin ba saniyar da za ta taka bakin tafkin. Na roƙa, Mamman ya roƙa. Ya ce ya ji, amma an binne yara biyu, ba zai saka na uku a caca ba. Ban iya cewa ya yi kuskure ba. Kafin ya shiga mota ya je ya ba Ardo hannu, ya daɗe bai saki ba.

Kwana biyu bayan haka na kama hanyar gida. Amalanken da zai kai ni mararraba ya bi ta bakin burtali, muka tarar Ardo ya ɗaure kaya a kan bijimai, matansa na gaba, shanu na biye. Geronsa ya fitar da kai, bai nuna ba. Na sauka na taka masa. Na ba shi haƙuri a kan gadin da na bari, ya ce ba komai. Sannan na yi tambayar da ta hana ni sukuni.

Na ce, "Ardo, kai kaɗai ne a wurin. Ga ruwa a gabanka. Da ka wanke ƙyallen ka mayar, na riga na gaya wa kumandan ba ka da laifi, da yanzu kana rugarka. Ni dai ban san abin da zan yi ba da ni ne."

Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Ai na fara wankewa, Malam. Sau biyu na murza shi, yana fita kuwa. Sai na duba ƙarƙashin hannuna na ga ruwan da ke fitowa ja ne. Na ce to ƙyalle na wanke, shi wannan wa zai wanke shi kafin yara su sha?"

Ya kira wata saniya da ta ratse da sunanta, ta dawo layi. Ya ce in gaida mutanen Kano, ya bi bayan garkensa.

Wasiƙar Mamman ta same ni makon jiya. Siminti ya iso bayan kaka, an raba idanun, Inna Hajo ta zauna kan kujera 'yar tsugunno tana yi wa magina faɗa har aka gama. Ruwan famfo ya washe, an buɗe tafki. Mutanen gari sun yi gayya sun girbe geron Ardo, an zuba a rumbun Inna an liƙe, ba wanda ya taɓa ko zangarniya ɗaya. An aika masa saƙo ta bakin masu zuwa kasuwannin arewa har sau uku. Har ranar da Mamman ya rubuto, bai dawo ba.